Gwangwanin Alawa a Bakin Sallaya

Ƙwas! Ƙarar da murfin gwangwani ke yi ke nan idan an sa wutsiyar cokali an ɓanɓare shi. Tsohon gwangwanin madarar gari ne, na wanke na shanya, nake zuba alawar madara a ciki saboda yara. Ban taɓa ɗaukar ƙarar a bakin komai ba. Da a ce a lokacin wani ya ce mini wannan 'yar ƙarar za ta shiga tsakanina da sallata, da na ce ya nemi tsari.

Autata ce sanadi. Ba ta cika shekara uku ba a lokacin, kuma ta tashi daga wani zazzaɓi da ya kwantar da ita har muka tsorata. Muna zaune a unguwar Abattoir, a gidan haya mai ɗakuna a jere, mu da surukata Inna da wasu maƙwabta, famfo ɗaya a tsakar gida. Damina ce, irin tamu ta Jos da ruwa ke sauka da sanyi har cikin ƙashi. Yarinya ta rame, ta zama ba ta yarda in matsa ko nan da can. Ina girki tana bayana, ina wanki tana riƙe da zanena.

Ranar da abin ya fara, azahar ce ta kusa kuɓuce mini. Na shimfiɗa sallaya, ta fashe da kuka. Na ɗauke ta na rarrasa, na ajiye, ta sake. Idona ya faɗa kan gwangwanin a saman kabad. Na ɗauko cokali, ƙwas, na sa mata guda a hannu. Shiru. Ta zauna a gefen katifa tana tsotsa, ni kuwa na yi sallar da rabona da irinta tun kafin ciwon. Na ja sura mai tsawo, na daɗe a sujada, na ji kamar an sauke mini dutse. Da na yi sallama har na yi wa kaina dariya, na ce ashe maganin yana saman kabad nake ta wahala.

Da la'asar ta yi kuka, na ba ta. Da magariba ma haka. Ban ga laifi ba. Yarinyar da ta yi kwanaki ba ta sa komai a baki ba, ai duk abin da ta karɓa godiya ce.

Ta warke, kumatu suka dawo, ta koma guje-guje da 'ya'yan maƙwabta. Kukan salla ne kawai bai warke ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda yake matsowa gaba. Da farko sai na ɗaga hannu zan kabbara take farawa. Daga baya ta daina jiran kabbara, da ta ga na ɗauko sallaya shi ke nan. Sai ya koma ƙarar ruwan buta idan ina alwala. Kafin damina ta yi nisa, ladanin unguwarmu na buɗe baki, duk inda take za ta yar da abin wasanta ta nufo ɗaki. Ta zo ta zauna a wurinta na gefen katifa, ta gyara zama, sannan ta buɗe baki. Na sha duba idonta, a bushe yake ƙamas. Kuma ba ta yi wa babanta idan yana nafila a ɗaki, ba ta yi wa Inna. Ni kaɗai.

Na gaya wa maigida. Shi mahauci ne, tun da sassafe yake fita, sai bayan la'asar muke ganinsa, saboda haka rabin abin a labari yake ji. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To mene ne abin mamaki? Ko akuya ta san ƙarar kwanon dusarta. Mamana ai ta fi akuya wayo."

Mamana yake ce mata, domin sunan Inna ta ci. Ni ko sunan ban taɓa kamawa da bakina ba, Auta nake cewa. Inna kuma takwara take kiranta. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Yarinyar da ta ci sunan uwar miji ba a yi mata tsawa a gaban mai sunan. Ka ce mata "ke, ba kya ji", kamar da tsohuwar kake. Ko hararta zan yi sai na duba ko labulen Inna a sake yake.

Da na ci gaba da lallaɓawa a haka, ba don abin da ya faru ranar da malamarmu ta Islamiyyar matan aure ta zo duba Inna da ke ciwon gwiwa ba. Muna zaune a ɗakina ana gaisawa, aka kira la'asar. Sai ga Auta ta shigo a guje. Ta ja sallaya ta warware ta da kanta, ta je kwandon kwanuka ta ɗauko cokali, ta ɗora shi a tsakiyar sallayar, ta koma gefen katifa ta fara rera kukanta tana satar kallon saman kabad.

Malama ta ce, "Ikon Allah. Me cokali ke yi a kan sallaya?"

Inna ta karɓe tana dariya. "Ai takwarata ke nan, Malama. Ita ma tana da nata wuridin, ba ta fashi."

Aka yi dariya, ni ma na yi ta dole. Da na raka Malama bakin ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Maman yara, ki kula da abin da kiran salla ke tuna mata." Ta sake ni ta tafi. Na dawo ɗaki ina juya maganarta. Ni da nake fatan idan ta ji ladan ta tuna Ubangijinta, ashe na koya mata ta tuna gwangwani.

Na ɗaura niyyar hanawa, amma na san muddin Inna na gida ba zan iya ba. Allah ya kawo ƙanwar maigida ta haihu a Bukuru, Inna ta tafi zaman jego. Ranar da ta hau mota na mayar da gwangwanin can bayan akwati, na ce bismilla.

Ashe kukan da na sani somin taɓi ne. Ta yi na farko, mai kama da waƙa, ta dakata tana sauraren ƙwas. Ba ta ji ba. Ta ƙara murya. Ta sauko daga katifa ta kama hijabina tana ja har ya kusa zamewa. Na yi sujada ta haye bayana. Na ɗago ta zame ta kwanta daidai inda goshina zai sauka, tana shure-shure. A ranar hawayen gaske suka zo, da majina, da shessheƙa. Ina karatu, rabin zuciyata na wajen Fatiha rabi na cewa ɗauko mata ki huta. Na rasa ko a raka'a ta biyu nake ko ta uku. Ƙabli da ba'adi, waɗanda a da sai in daɗe ban yi ba, suka zama abincina.

Maƙwabciyata Maman 'yan biyu, wadda ta taso daga unguwar Kabong take sayar da dankali a Gada Biyu, ta leƙo ta taga bayan na sallame, da Hausarta irin ta 'yan Jos.

"Maman Auta, lafiya? Na ce ko wuta ne ya ƙone shi."

Na ce, "Ba wuta ba ce, alawa ce na hana."

Ta tafa hannu. "Kai! Wannan yarinya oga ne. Riƙe wuta, kar ka sake. Nawa ma haka sun yi mini da nono."

Na riƙe. Kuma wallahi abin ya fara sauka. Bayan 'yan kwanaki shure-shuren ya tafi, sai kukan. Daga nan kukan ya gajarce, ya koma ƙunƙuni. Akwai wata magariba da ta buɗe baki, ta dube ni, ta ga ba alama, sai kawai ta juya ta ci gaba da jera murafen kwalba a ƙasa. Na idar da salla cikin shiru, babu alawa babu kuka. Na yi hamdala na ce an gama.

Sai Inna ta dawo.

Washegari da azahar na kabbara. Auta ta yi ɗan ƙunƙuninta na al'ada, wanda da an ƙyale shi da kansa zai mutu. Daga ɗakin Inna na ji an ce, "Wa ya taɓa mini takwara?" Yarinyar nan kamar an zuba wa wuta fetur. Ta ƙwala ihun da ban taɓa jin irinsa ba, ta faɗi ƙasa tana birgima. Na ji takun Inna da sandarta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba da ni take magana ba, da iska take, yadda surukai ke yi.

"Oh ni! Na yi 'yar tafiya an mayar mini da takwara marainiya. Abin da ba a saya ba, a gida ake yinsa, shi ne ake yi wa yarinya rowa."

Ina tsaye ina karatu, ba halin magana. Na ji ta shigo, na ji Auta ta daina birgima tana cewa "can, can". Ashe duk kwanakin nan ta san inda na ɓoye. Na ji an ja akwati. Na sunkuya ruku'u, idona a kan yatsun ƙafata, sai na ji shi.

Ƙwas.

Ban san abin da na karanta a sauran sallar ba. Da na yi sallama, Inna na zaune a bakin gadona da takwararta a cinya, alawa a kowane hannu. Me zan ce? Na sunkuyar da kai na ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna. An gode."

Ta ce, "Ba komai. Ke dai ki riƙa haƙuri da yara."

Da maigida ya dawo na tare shi da maganar tun bai cire takalmi ba. Na ce ya taimaka ya yi wa Inna bayani, ni ba hurumina ba ne. Ya zauna ya dube ni kamar na ce ya ɗauko dutsen Shere a ka.

"Yanzu so kike in je in ce wa Inna kada ta ba Inna alawa?"

"Ni ba wasa nake ba. Sallata ce ke lalacewa."

"To ki ba ta mana ki yi sallarki lafiya. Da can da kike ba ta, wa ya mutu? Idan ta girma za ta daina."

"Idan ta girma da me a ranta?"

Ya ce in kawo masa abinci, kansa na ciwo.

Daga ranar abin ya fi na da muni, kuma sai da na daɗe kafin na gane dalili. Na ci gaba da hanawa. Inna kuma ba kullum take bayarwa ba. Wata rana tana barci, wata rana ta tafi barka ko gaisuwa, wata rana gwiwar ta hana ta tashi. Wani lokaci kukan farko take zuwa, wani lokaci sai ya kai ga birgima. Ni a lissafina, tunda yanzu ba kullum take samu ba, ai ya kamata kukan ya ragu. Ina! Sai ya zama ba ta gajiya. Za ta yi ta yi tun daga kabbara har sallama, har in naɗe sallaya tana yi.

A bakin famfo na gane. Ruwanmu ba shi da rana, yakan zo yau ya ɗauke sati, yakan zo da hantsi, yakan zo muna tsakiyar girki. Ina tsaye da Maman 'yan biyu muna hira, sai na ga ta miƙa hannu ta murɗa kan famfon, ya yi tari ya yi shiru, ta rufe. Ba a jima ba ni ma na murɗa. Muka ci gaba da magana, ta sake murɗawa.

Na ce, "Wai me muke nema a famfon nan? Yanzu fa muka duba."

Ta ce, "Wa ya sani? Ko yanzu ne zai zo."

Na yi tsaye da bokiti a hannu. A tsohon gidanmu an taɓa yanke mana ruwa gaba ɗaya, ba a yi kwana nawa ba kowa ya manta da famfon, har shanya muke yi a kansa. Wannan kuwa da yake bayarwa wani lokaci ya hana wani lokaci, babu mai wucewa bai taɓa shi ba. To haka muka zama wa Auta, ni da Inna. Ta koyi cewa idan ba a ba ta ba, ba hanawa aka yi ba, kukan ne bai kai ba tukuna.

Gane abu daban, samun mafita daban. Ba zan iya hana Inna ba, ba zan iya komawa bayarwa ba. Na gwada zubar da alawar gaba ɗaya na daina yi. Inna ta aika aka sayo ta kanti ta ƙulle a bakin zane. Na gwada kai Auta ɗakin Maman 'yan biyu kafin in yi alwala. Ladan na kira ta tsere ta dawo. Na gwada goya ta in yi salla da ita a baya, ta yi ta dukan kafaɗata tana ihu a cikin kunnena.

Rannan da Inna ba ta gida, haƙurina ya ƙare. Ina juya kai na yi sallama ta biyu na daka mata tsawar da ni kaina sai da na firgita. Ta yi tsit, idanu waje. Na ce to, ashe wannan ne maganin. Washegari ta yi kukanta kamar kullum, amma da na zauna tahiya na ga ta ja da baya. Ina juya kai dama, ta sa hannu biyu ta toshe kunnuwanta ta runtse ido. Sau ɗaya tak na yi mata, ta riga ta haɗa sallama da tsawa. Na jawo ta na rungume. Alawar ta ɗauki makonni kafin ta zauna mata, tsoro kuwa rana ɗaya ya ishe shi. Ban sake ba. Amma ta daɗe tana toshe kunnen.

Sai na ce bari in biyo ta wata hanya. Na samu ƙyallen da ya rage na ɗinka mata ɗan hijabi, na yanka tsohon bargo na yi mata 'yar sallaya. Na sake yin alawar, na mayar da gwangwanin saman kabad. Na zaunar da ita na ce, "Auta, daga yau mai kuka ba ta samu. Wadda ta yi salla da Umma har aka yi sallama, ita ke samu." Ta gyaɗa kai kamar babba. Aka kira azahar, ta sa hijabi, ta tsaya kusa da ni, raina fari ƙal. Na kabbara ta kabbara. Ban gama Fatiha ba ta dungura goshi a ƙasa sau ɗaya kamar kaza, ta juya kai dama da hagu, ta miƙo mini tafin hannu a ƙarƙashin fuskata. Da ta ga ban motsa ba ta ce, "Na gama." Da ta ga har yanzu ban motsa ba, ta cire hijabin ta koma tsohuwar sana'a. Inna na daga ɗakinta tana cewa, "Ai ta yi sallar, ina ji. A cika mata alkawari mana."

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne ba Auta kaɗai ta canza ba. Ni tun ina budurwa kiran salla sanyi yake sa mini a rai. Ko me nake yi, idan na ji ladan sai in ji kamar an kira ni gida. Yanzu kuwa yana buɗe baki sai gabana ya faɗi. Na fara jinkirta alwala ina ƙirƙiro aiki. Na koma gajerun surori, su ma da gudu. Har ranar da Auta ta yi barci da rana, ɗaki shiru, na kabbara ni kaɗai, na tarar ina sauri kamar ana korata, kunnena na jiran kukan da babu shi. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ga shi ni da nake ganin ina koyar da yarinya, an ɗaure ni a turke ɗaya da ita.

Wata la'asar, ruwan sama na zuba a kan kwanon rufi kamar da bakin ƙwarya, Inna ta tafi asibiti da maigida saboda gwiwar. Daga ni sai Auta. Ta yi duk abin da ta iya, jan hijabi, hawa baya, birgima. Na yi sallar a daddafe, na yi ba'adi, ban ma tabbata ko shi ya kamata in yi ba. Ban tashi ba. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa ta inda zan fara. Ina so in ce ya Allah ka dawo mini da sallata, ka sa yarinyar nan ta so kiran salla don kansa, ka ba ni haƙurin tsohuwar nan. Ko ɗaya bai fito ba. Hawaye ne kawai suka zubo, ina haɗiye sautin kada ta ji.

Sai na lura kukanta ya tsaya. Ta taso daga ƙasa, hijabinta a karkace, ta zo ta tsaya a gabana tana leƙen fuskata. Ta dubi hannuwana da ke sama, ta ga babu komai a ciki. Ta dubi saman kabad, ta sake dubana.

Ta ce, "Umma, an hana ki?"

Na gyaɗa kai.

Ta matso ta sa ɗan tafinta mai danƙo ta share mini kumatu, ta rage murya kamar mai ba da sirri.

"Ba haka ake yi ba. Ki ƙara ƙarfi, ki kwanta a ƙasa. Idan kin daɗe za a ba ki."